Kwamfutar ARM da Matsalar Tafinta

A 1985 aka fara ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ARM a Kambrij, ƙasar Ingila. Ba ta shan wutar lantarki da yawa, abin da zai amfani gari kamar Kano, inda wuta kan ɗauke. Amma yawancin manhajojin Windows da harshen ƙwaƙwalwar Intel aka gina su, watau sai da tafinta ARM ke fahimtarsu. Fassara kuwa takan ci lokaci, aiki ya yi nawa. Saboda haka a 2022 kamfanin Microsoft ya fito da ƙaramar kwamfutar ARM domin masu tsara manhaja, su mai da ayyukansu harshenta. Muddin ba su yi ba, mai saye ba zai mori ƙarfin na'urar sosai ba.