TAKIN FESHI A GONAR GYADA

Gyadi-Gyadi da Tarauni yanzu gidaje sun cinye filayensu, amma har gobe akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis a cikinsu waɗanda ke noman gyada a ƙauyukan kewayen Kano. Idan damuna ta faɗi, sai ka ga mutum ya sayi takin ruwa na kwalba, wanda ake fesa wa ganye, yana tsammanin ya huta da sayen takin buhu. To, a nan kuskuren yake.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyada ta zama abin neman kuɗi, har aka yi ta gina dala da buhunanta. Takin da malaman gona suka yi ta nuna wa manoma wajen 1950 zuwa 1960 shi ne supa, wanda ake sa wa a ƙasa lokacin shuka. Dalili kuwa, supa yana da fosfat mai ƙarfafa saiwa, yana kuma da sinadarin kalsiyam, wanda in babu shi ƙwaya ba ta cika.

Ga yadda abin yake. Gyada takan fara fure wajen wata guda bayan shuka. Idan furen ya bushe, sai wani ɗan tsiro kamar allura ya sauko ya shige ƙasa, a bakinsa ɗan gyada ke fita. Wannan ɗa, da kansa yake tsotsar kalsiyam daga ƙasar da ke kewaye da shi. Wanda aka fesa wa ganye ba ya saukowa wurinsa. Watau ana iya ganin gona kore shar, ranar cira a tarar da ɓawo ba ƙwaya.

Amma fa feshin yana da ranarsa. Inda ƙasa ta gaza ba shuka ƙananan sinadarai, kamar na ƙarfe ko zinki ko boron, ganye yana shansu da sauri, kuma amfani yakan ƙaru. Alamar rashin na ƙarfe ita ce sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa suna kore. Taki mai naitirojin da yawa kuwa harawa zai ƙara. Gyada tana samun nata ta 'yan ƙullutun saiwarta.

Wanda zai yi feshi ya yi da sassafe ko da la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba, ba kuma hadari na haɗuwa ba. Ya bi awon da ke jikin kwalba, don in ya yi kauri ƙone ganye yake yi. Sa'an nan ya bar kunya goma bai fesa ba. Da kaka ya ɓare gyadarsu daban, ya auna da ta kunya goma da aka fesa. Mudu ba ya ƙarya, shi zai faɗa masa ko kuɗinsa ya dawo.

Allah ya ba da damuna mai albarka, amin.