Labanda: Furen da Ke Kwantar da Hankali, da Iyakar Amfaninsa

Duk wanda ya saba karanta jikin sabulu ko man shafawa ya sha ganin hoton wani fure mai launin shunayya, siriri kamar zangarniya. Shi ne labanda, ɗan uwan na'ana'a da ɗoɗɗoya. Asalinsa ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne, inda ƙasa take da tsakuwa, rana take da ƙarfi, ruwa kuma ba ya kwanciya. Yankin Furobans da ke kudancin Faransa ya yi suna wajen nomansa, sai dai a 'yan shekarun nan Bulgeriya ta sha gabansa wajen yawan man da ake fitarwa.

A watannin Yuli da Agusta ake girbinsa. A zuba furen a babbar tukunya, a tura masa tururi, tururin ya kwaso man, in ya huce sai man ya taso saman ruwa a kwashe. Sai an tara furen da ya kai kilo 100 ko fiye kafin a samu kilo guda na mai. Dalilin tsadarsa ke nan. Kwalbar da aka sayar maka da arha kuwa, galibi ko dai labandin ce, wato wani iri da aka samu ta hanyar barbara, mai yawan mai da ƙanshin kafur, ko kuma ƙanshi ne da aka haɗa a masana'anta. Ba laifi in turare kake nema, amma kada ka ɗauke shi a matsayin magani.

Inda labanda ya fi samun shaidar masana shi ne rage fargaba da rashin natsuwa. A Jamus, tun 2009 aka amince da wani ƙwayar magani mai ɗauke da miligiram 80 na mansa don masu wannan matsala. Wannan fa magani ne da aka auna aka tace, ba man turaren kasuwa ba, wanda shansa haɗari ne. Shaƙar ƙanshinsa kafin kwanciya na taimaka wa wasu su samu barci, ko da yake tasirinsa kaɗan ne. Wanda ya yi watanni barci na gagararsa, likita ya kamata ya gani.

Akwai labarin da masu tallarsa ke son bayarwa, na wani masanin haɗa sinadarai Bafaranshe, René-Maurice Gattefossé, wanda ya ƙone a hannu a 1910 ya yi jinya da man labanda, daga baya ya rubuta littafi kan magani da ƙanshi a 1937. Labarin yana da daɗi, amma in ƙuna ta samu mutum, abin yi shi ne a sakar mata ruwan sanyi na kamar minti 20, sannan a tafi asibiti in ta yi tsanani.

A cikin gida kuwa aikinsa ba shi da gardama. Busasshen furen a ɗan ƙullin ƙyalle, a cusa cikin akwatin tufafi, yana sa ƙanshi yana kuma korar asu. 'Yan ɗigo a ruwan goge ɗaki sun isa. Sauro ma ba ya sonsa, sai dai ƙanshin kan gushe da wuri. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kisa, ba ya maye gurbin gidan sauro.

Mai shafa shi a jiki ya tsarma ɗigo ɗaya ko biyu a cokalin shayi na man kwakwa ko na zaitun, ya fara gwadawa a ɗan wuri, domin yana sa wasu ƙaiƙayi. Iyaye su yi hattara da yara: a 2007 wata mujallar likitoci ta Amurka ta ba da rahoton yara maza uku da nono ya fara fito musu bayan yawan amfani da kayan shafa masu ɗauke da shi, da aka daina kuma ya koma. Mai ciki ta tambayi likita tukuna. Masu kiwon kyanwa kuma su nesanta ta da man, don hantarta ba ta iya sarrafa shi.