Holan da Amurka: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Wanda Ya Faɗi?

A ƙasar Hausa an fi sanin Holan da atamfa, wadda kamfanin Vlisco na garin Helmond ya yi suna da ita, da kuma madarar gwangwani ta Peak. Mai bin labaran duniya kuwa ya san ta da wani suna dabam: ƙasar da ake sayar da tabar wiwi a shago, wadda ta ɗage haramcin gidajen karuwai a 2000, ta zama ta farko a duniya da ta amince da auren jinsi a 2001, sannan a 2002 ta fara aiki da dokar da ta ba likita damar kawo ƙarshen rayuwar majinyacin da ya nemi haka bisa wasu sharuɗɗa. Addininmu da al'adarmu ba su yarda da waɗannan abubuwa ba, kuma wannan maƙala ba ta zo wanke su ba. Sai dai duk wanda ya tsaya a kansu zai ɗauka Holan ƙasa ce da aka saki kowa ya yi yadda ya ga dama, Amurka kuma mai yawan coci da masu ra'ayin riƙau ita ce mai ɗaure mutum. Hujjoji na nuna akasin haka. Mutumin Holan yana ɗaure da wajibai ga jama'a fiye da Ba'amurke, kuma wannan ɗauri shi ne ya sa idan ya faɗi ake samun mai tare shi.

Batun lafiya ya fi fito da wannan sarari, domin a nan ƙasashen biyu suka ɗauki hanya kusan ɗaya suka ƙare a wurare dabam. Tun 2006 dokar Holan ta wajabta wa duk mazaunin ƙasar ya sayi inshorar lafiya, kuma a hannun kamfanoni masu zaman kansu yake saya, ba a hannun gwamnati ba. Abin da gwamnati ta yi shi ne ta ɗaure kamfanonin: ita ke tsara jerin magani da jinyar da dole kowace inshora ta ƙunsa, ba a yarda kamfani ya ƙi karɓar mutum don tsufa ko don ciwon da yake ɗauke da shi ba, ba a kuma yarda a ƙara masa kuɗi saboda haka ba. Baligi na biyan kimanin yuro 150 a wata, yana kuma ɗaukar yuro 385 na farko na kuɗin jinyarsa a shekara, amma ganin likitan unguwa ba ya cikin wannan lissafi. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan komai, mai ƙaramin ƙarfi kuma gwamnati na tallafa masa. Dokar da Barack Obama ya sa wa hannu a 2010 ta so ta yi kusan haka, amma wajabcin da ke cikinta ya zama abin faɗa har Kotun Ƙoli, daga baya majalisa ta soke tarar wanda ya ƙi sayen inshora daga 2019. Amurka na kashe kusan kashi 17 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara kan lafiya, Holan kusan kashi 10, duk da haka mutum wajen miliyan 26 a Amurka ba su da inshora a 2023, kuma matsakaicin tsawon rai a can bai wuce shekara 78 da ɗoriya ba a wannan shekarar, alhali a Holan ya kusan 82.

Akwai wata ƙulalliya a tsarin Amurka da ba a cika lura da ita ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da inshorar lafiya, dokar haraji ta 1954 kuma ta tabbatar da wannan al'ada. Tun daga nan lafiyar akasarin ma'aikata da ta iyalansu ta rataya a kan aikinsu. Wanda aka sallama ya yi asara biyu a rana ɗaya, wanda ke da yaro marar lafiya kuma yakan haƙura da aikin da ya gundure shi don tsoron rasa magani. Haka abin yake a sauran fannoni. Dokar tarayya ta 1993 ta ba mai jego mako 12 ne ba tare da albashi ba, kuma ba kowace ma'aikaciya ta shafa ba. A Holan mako 16 ne da albashi. Dokar tarayyar Amurka ba ta tilasta ko kwana ɗaya na hutun shekara mai albashi ba, albashi mafi ƙanƙanta na tarayya kuma yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009. Ma'aikacin Holan mai cikakken aiki yana da aƙalla kwana 20, da kuɗin hutu kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, idan kuma ya kwanta ciwo wanda ya ɗauke shi aiki zai ci gaba da biyansa aƙalla kashi 70 cikin ɗari har shekara biyu.

Ba a rana ɗaya Holan ta koyi wannan hali ba. Kusan rubu'in ƙasar yana ƙasa da matakin teku, kuma tun ƙarni na 13 manoma ke da hukumomin ruwa da ke tara kuɗi da ƙarfi don gyaran ganuwar da ke tare ruwa. Gayya ce wadda ba a iya ƙin fita, domin idan ganuwar mutum ɗaya ta ɓalle gonar kowa ce za ta nutse. Ambaliyar 1953, wadda ta kashe mutum 1,836, ta sake tuna musu da haka. Bambancin addini ma da irin wannan dabara suka warware shi: a 1917 aka yi sulhun da ya sa gwamnati ke ɗaukar nauyin makarantun addini daidai da nata, kuma a ƙarƙashin sashe na 23 na kundin tsarin mulki, wanda ya tanadi haka, ne aka buɗe makarantun firamare na Musulunci na farko a 1988, da kuɗin gwamnati. Fanshon tsufa na kowa da kowa ya fara a 1957 a zamanin Firaminista Willem Drees, sannan a 1982 ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni suka yi yarjejeniya a Wassenaar, ma'aikata suka sassauta neman ƙarin albashi, aka rage musu lokacin aiki. Amurka kuwa a kan tawaye ga sarki da harajinsa aka gina ta, don haka a wurin ɗanta 'yanci shi ne hukuma ta matsa gefe.

Ko batun wiwi, da ake yawan kafa hujja da shi, yana ƙarfafa wannan magana. Har yau wiwi haramtacciya ce a dokar Holan. Gyaran dokar 1976 ya raba ta da ƙwayoyi masu tsanani irin su hodar iblis, hukuma kuma ta zaɓi ta kau da kai daga shagon da ya kiyaye sharuɗɗa: kada ya sayar wa mutum fiye da giram 5, kada ya sayar wa yaro, kada ya yi talla. A Amurka jihohin Colorado da Washington sun halatta ta kai tsaye a 2012, jihohi fiye da 20 kuma sun bi sahu. Inda ƙasashen biyu suka rabu shi ne yadda ake yi da wanda ƙwaya ta kama. Holan na ɗaukarsa majinyaci, Amurka ta daɗe tana ɗaukarsa mai laifi. A kowace shekara daga 2021 zuwa 2023 ƙwaya ta kashe fiye da mutum 100,000 a Amurka, a Holan kuwa adadin shekara bai kai 400 ba. Amurka na tsare da kusan mutum miliyan biyu a gidajen yari, Holan kuwa ta rufe wasu nata, har ta ba Beljiyam da Norway hayar wasu.

Masu kare tsarin Amurka suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa Ba'amurke ya fi samun kuɗi, kuma gaskiya ne: abin da ke faɗa wa kowane mutum daga arzikin ƙasa ya haura dala 80,000 a shekara, na Holan bai kai haka ba, sannan mai babban albashi a Holan na biyan haraji har kashi 49.5 cikin ɗari, ga harajin kaya na kashi 21. Amma wani ɓangare na ratar daga lokacin aiki yake, domin Ba'amurke na yin kusan awa 1,800 a shekara, ɗan Holan kusan 1,400, kuma abin da Ba'amurke bai biya a haraji ba yakan biya shi a asibiti da jami'a. Suna cewa ƙasa mai mutum miliyan 18 ba a gwada ta da mai sama da miliyan 330. Wannan ma da ƙamshin gaskiya, sai dai Amurka na gudanar da fanshon tsufa na ƙasa baki ɗaya tun dokar 1935 da inshorar tsofaffi tun 1965, girman ƙasa bai hana ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce tallafi na iya kashe zuciya, kuma Holan ta ɗanɗana haka: bayan gano iskar gas a Groningen a 1959 kuɗi ya yawaita, har zuwa wajen 1990 mutum kusan 900,000 na karɓar kuɗin naƙasa. Ta tsaurara sharuɗɗa ta gyara tsarin ba tare da ta rushe shi ba.

Aibin Holan na gaskiya yana wani wuri, kuma Musulmi da baƙi sun fi kowa saninsa. Tsarin da ya dogara da amana tsakanin 'yan gida yakan yi wa wanda ake gani bare tsanani. Hukumar haraji ta zargi dubban iyalai, an ƙiyasta 26,000 ko fiye, da zambar tallafin renon yara bisa kuskure, ta tilasta musu mayar da kuɗin da ya jefa da yawansu cikin bashi, kuma mallakar takardar ƙasa biyu na cikin alamomin da aka yi amfani da su wajen zargi. Gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a kan haka a Janairun 2021. Tun 2019 an hana niƙabi a makarantu da asibitoci da motocin haya na jama'a da ofisoshin gwamnati, a zaɓen Nuwamban 2023 kuma jam'iyyar Geert Wilders, wanda ya gina siyasarsa a kan adawa da Musulunci, ta zo ta ɗaya da kujeru 37 cikin 150. A nan kundin tsarin mulkin Amurka ya fi ba mai addini kariya daga hannun hukuma, kuma adalci ne a faɗi haka. Ga kuma ƙarancin gidaje a Holan da ya kai kusan 400,000, har mai neman gidan haya mai rahusa a Amsterdam kan jira fiye da shekara goma.

Duk da haka, idan aka auna ƙasashen biyu da halin mai ƙaramin ƙarfi a ranar da ciwo ko sallama daga aiki ko tsufa ya same shi, Holan ce ke gaba, da tazara mai yawa. Mai lafiya da jari da buri zai iya samun abin da ya fi a Amurka. Direban bas mai 'ya'ya uku da ciwon suga ya fi zama cikin kwanciyar hankali a Rotterdam.