Mu Tuna da Mazan Jiya: Ɗan Kuza, Sojan Bama

Jama'a, yau karatunmu a kan wani tsoho ne, kakana, mutumin ƙasar Faskari. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Irinsa suna da yawa a ƙasar Ƙanƙara da Sabuwa, amma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Labarinsa labarinsu ne.

A ƙasarmu ba a haƙar kwal. Kwal a Inugu yake. Mutanenmu Jos suke zuwa haƙar kuza. Kuza wani ƙarfe ne da ake shafa wa gwangwani don kada ya yi tsatsa. A 1942, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace ƙasar Malaya, inda ake samun kuza mai yawa. Sai Turawa suka juyo kan Jos. Aka sa hakimai da dagatai su tara majiya ƙarfi, a kai su aiki ko suna so ko ba sa so. Kakana yana cikinsu.

Aikin ba wasa ba ne. Mutum ya wuni cikin rami da ruwa, yana sara da diga, yana ɗaukar ƙasa a kwano bisa kai. Ga sanyin Jos, ga ƙarancin abinci, ga babu bargo. Mutane da yawa sun mutu da ciwon haƙarƙari. Wasu suka gudu. Ba a daina wannan aikin tilas ba sai 1944.

Da kakana ya gama wa'adinsa, sai ya shiga soja. Aka sa su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai Bama. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi can, ta 81 da ta 82. Daji ne mai duhu, ga tsaunuka, ga ruwan sama. Inda mota ba ta shiga, su ne suke ɗaukar harsashi da abinci a ka. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau sarauta a 1944, ya je har can ya gaishe su. Yaƙi ya ƙare a 1945.

To, ga abin lura. A bariki ne kakana ya koyi karatun boko. Da ya komo gida bai ɓoye iliminsa ba. Shi ne mai karanta wa mutane wasiƙa, shi ne mai duba takardar haraji don kada a cuci talaka. Ran kasuwa ya tsaya wajen sikelin auduga yana karanta awo. Idan za a yi aikin gayya, gyaran hanya ko yasar rijiya, shi ne kan gaba. Bai taɓa karɓar ko anini ba.

Amma ga abin baƙin ciki. Mu jikokinsa ba mu rubuta kome daga bakinsa ba. Takardarsa ta sallama daga soja gara ta cinye. Abin da na faɗa muku, shi ne kaɗan da na riƙe tun ina yaro.

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, Nijeriya tana tunawa da 'yan mazan jiya. Kada mu bar wa birni wannan aiki. Ku da kuka fara iya rubutu, ku je wurin tsofaffin gidanku tun suna da rai. Ku tambaye su wa ya tafi kuza, wa ya tafi Bama, wa ya komo, wa bai komo ba. Ku rubuta sunan mutum, da garinsu, da aikin da ya yi wa jama'a. Idan akwai tsohuwar takarda ko lambar yabo, a sa ta cikin leda, a ajiye inda gara ba ta kai ba. Mako mai zuwa kowa ya zo aji da layi biyar, mu karanta tare.