Kantar da Ke Bayan Yatsu

A shekarar 1979 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, Gerald Russell, ya bayyana wata cuta da ya raɗa wa suna bulimiya. Cikin alamominta akwai wadda har yau ake kira da sunansa: kanta a bayan gaɓoɓin yatsu. Haƙora ne ke gurje wurin duk sa'ad da mutum ya cusa yatsa maƙogwaro don ya amayar da abin da ya ci.

Mai wannan cuta takan narki abinci a ɓoye, hannu baka hannu ƙwarya, ta kasa tsayawa. Tana gamawa sai kunya ta lulluɓe ta, ta faɗa banɗaki ta saki famfo don kada a ji kakarin amai. Wata maganin wankin ciki take ɗirka. Sau da yawa jikinta na nan daidai, babu rama, shi ya sa ake shekaru ba a farga ba. Sai dai kumatu su kumbura ta gefen kunne, murya ta dishe, tsamin amai ya zaizaye haƙora. Gimbiya Dayana da bakinta ta faɗa wa BBC a 1995 cewa ta yi shekaru tana fama da ita.

Akwai kuma wata cutar, anoreksiya, ta ƙin cin abinci; ita kuwa a fili take, amma mukan yi mata mummunar fahimta. Yarinya ta rame kamar kazar mayu, sai a ce taifot ne, ko tsutsar ciki, ko sammu. Alhali yunwa na cin ta, tsoron ƙiba ne ya hana ta ci. Ta dubi madubi, ƙasusuwa a waje, ta ce teɓa take gani. Kullum amsarta "na ƙoshi" ko "na ci a makaranta". A gidan da ake cin tuwo kwano ɗaya, wa ke ƙirga lomar wani? Ta tsakuri biyu, ta juya miya da yatsa, ta tashi.

Jiki kan tona asiri. Al'ada ta ɗauke, gashin kai ya zube, wani lallausan gashi ya tsiro a baya da damatsa, ga jiri, ga jin sanyi ana tsakar zafi. Maza ma na kamuwa, ko da yake mata sun fi.

Faɗa da ɗure ba sa magani. Aikin likitan ƙwaƙwalwa ne da masanin abinci, kuma da wuri. Yawan amai na zubar da sinadarin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi, yunwa kuma na cinye tsokar zuciyar kanta. Mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter na da shekara 32 lokacin da anoreksiya ta tsayar da zuciyarta a 1983.