Daga sarewa zuwa babbar gangar badujala

Ka shekara uku kana busa sarewa a badujalar makaranta, yanzu kuma babbar ganga kake so kafin faretin 1 ga Oktoba? To, da sarewa in ka yi kuskure sai ka ɓuya cikin 'yan'uwa. Ganga kuwa ba ta rufa asiri: ka makara da bugu ɗaya, ƙafafun masu fareti duk sun rikice.

Ranar gwaji ba salo ake nema ba, daidaito ne. Saita manhajar ƙirga bugu kan 120 a minti, ka riƙa dukan filo kana takawa, ƙafar hagu da bugun farko. Hannun hagu zai fara ba ka kunya, sai kafaɗa. Rataya jakar littattafai a ƙirji ka zagaya fili, don gangar za ta tare maka ganin ƙasa.