Aikin Nas a Najeriya: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a gindin gadon ɗan'uwansa a asibitin gwamnati ya san yadda abin yake. Likita zai zagayo da safe, ya duba fayil, ya yi rubutu, ya wuce. Sauran yinin da daren gaba ɗaya a hannun nas suke. Amma ka tare mai jinyar nan a bakin ƙofa ka tambaye shi aikin nas, da wuya amsarsa ta wuce allura da ƙarin ruwa. Shi ya sa in an zo maganar nas-nas da ke barin ƙasar nan, sai a tsaya ga ƙirgen kawuna, a manta da abin da ke cikin kawunan.

Allura ce mafi sauƙi a cikin aikin

Yaran kemis ma sun iya allura. Abin da ake ɗaukar shekaru ana koya wa nas shi ne lura. A makaranta hawa biyar ake raba shi: ta auna majinyaci ta kuma ji ta bakinsa, ta gano matsalar da ke huruminta, ta tsara abin yi, ta aiwatar, sannan ta dawo ta ga ko an samu sauƙi. Likita sunan cuta yake nema da maganinta. Ita kuwa nas bibiyar yadda jiki ke karɓar cutar da maganin take yi, sa'a bayan sa'a. Na ce "ita" ne don mata sun fi yawa a aikin a duniya, amma a Arewa maza nas-nas ba baƙi ba ne.

Ga mace ta sauka lafiya, dangi suna ta barka da arziki a waje. Nas ta taɓa tafin hannunta ta ji sanyi, bugun zuciya ya ƙaru, ta dafa mara ta ji mahaifa sakwaf, ba ta ɗaure ba. Awon jini kuma lafiya lau yake nunawa. Sabuwar hannu za ta iya yarda da na'ura ta koma kujera. Wadda ta daɗe a ɗakin haihuwa ta san jikin mace mai ƙuruciya yakan riƙe awon jininsa har sai ɓarna ta yi nisa, don haka nan take za ta murza mara, ta ba da allurar da ke sa mahaifa ta ɗaure, ta sa ruwa, ta aika a kira likita. Zubar jini bayan haihuwa na sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mata, kuma mintuna ne ke raba wadda ta tsira da wadda ba ta tsira ba. Haka tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye: in ba a juya shi duk bayan sa'a biyu ba, gyambon kwanciya ne zai ci bayansa, ba cutar da ta kawo shi ba.

An ma auna muhimmancin nas da alƙaluma. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa bincike kan asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka. Sun gano cewa duk majinyaci guda da aka ƙara wa nas a kan nauyin da take ɗauke da shi, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Jihar Kalifoniya har doka ta yi, ta fara aiki a 2004, kuma a yau nas guda ba ta wuce majinyata biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari. Wanda ya san asibitocinmu sai dai ya yi murmushi.

Daga tantin Rufaida zuwa Ibadan

Tarihin Musulunci ya adana sunan Rufaida al-Aslamiyya, mai tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni. Can aka kai Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Tsarin makaranta da jarrabawa da muke gani yau kuwa daga Florence Nightingale ya taso, wadda ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860. A makarantar ce Kofoworola Abeni Pratt ta yi karatu, ta dawo gida, ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta riƙe muƙamin shugabar nas-nas ta Najeriya. Jami'ar Ibadan ta fara digirin jinya a 1965. A 1979 aka kafa hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma, NMCN, wadda ke shirya jarrabawa da ba da lasisi.

Ba duk mai fararen kaya ba ne nas

Mu dai kowa "malam" ne ko "malama" ko "likita". Amma akwai hawa-hawa. Nas mai rajista a da shekara uku take yi a makarantar jinya ta asibiti. Yanzu an mayar da makarantun kwaleji, ana shiga ta JAMB, a fito da babbar difiloma bayan shekara huɗu. Ta jami'a shekara biyar take yi, da shekarar sanin makamar aiki. Ungozoma ta asibiti karatunta daban, lasisinta daban, ko da yake da yawa suna haɗa biyun. Akwai masu ƙarin kwas na ƙwarewa: ɗakin tiyata, sa barci, ido, yara, lafiyar ƙwaƙwalwa. Sai jami'an lafiya na al'umma, waɗanda aka fi sani da CHEW, da ke fitowa daga makarantun fasahar kiwon lafiya. Su ba nas-nas ba ne, amma su ke riƙe da yawancin asibitocin sha-ka-tafi na karkara. A ƙarshe akwai 'yan mata da wasu asibitoci masu zaman kansu ke koya wa aiki a ɗinka musu fararen kaya. Hukuma ba ta san da zamansu ba, kuma in sun yi kuskure sunan nas ne ke ɓaci.

Masu tafiya

Ƙarancin nas-nas na duniya ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 ya ce akwai nas-nas miliyan 29.8 a 2023, da giɓin miliyan 5.8. Ƙasashe masu kuɗi, da tsofaffinsu ke ƙaruwa, suna cike nasu giɓin daga wuraren da su ma ba su da isassu. Ingila, Amurka, Kanada da Saudiyya ne manyan masu ɗauka daga nan. A farkon 2024 magatakardan NMCN ya ce sama da nas-nas 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku.

Najeriya, da Nijar da Gana, suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 cewa kada a je ana farautar ma'aikatan lafiyarsu. Sai dai ƙa'idar ba ta hana mutum ya nemi aiki da kansa ba, kuma ta nan ruwan ke yoyo. NMCN ta yi ƙoƙarin toshewa a Fabrairun 2024: ta ce sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardun fita. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, Majalisar Wakilai ta ce a dakata. Hujjarsu mai ƙarfi ce: yaya za a tsare mutum alhali ba a ba shi aiki ba? Domin abin mamaki, a ƙasar da ke kukan ƙaranci, akwai masu lasisi zaune a gida, akwai masu aikin sa-kai a asibitocin jihohi suna jiran ranar da za a ɗauka. Da reshen ƙungiyar nas-nas na asibitocin tarayya ya tafi yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, buƙatun sun haɗa da alawus ɗin dutin dare, tsarin albashi nasu na kansu, da ɗaukar sababbin ma'aikata.

A ganina, babbar asarar ba a yawan masu fita take ba. Asibitin Landan ko Riyad ya fi son wadda ta goge a ɗakin kula da masu matsanancin ciwo ko ɗakin tiyata. Ita ce ke koya wa ƙanana abin da ba ya cikin littafi, ita ce za ta zama metiron ko malamar makaranta gobe. Ana iya ninka gurbin ɗalibai da sa hannu a takarda guda. Shekara goma a bakin gado kuwa sai an yi ta.

Ciwon Arewa daban ne

A nan, kafin a kai ga Ingila, nas ta riga ta bar ƙauye zuwa birni, ta bar asibitin jiha zuwa na tarayya inda albashi ya fi tsoka. Rashin tsaro ya ƙara korar masu zama. Ga kuma mata da yawa da ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwarsu, sai su zauna a gida.

An gwada magunguna. Shirin tura ungozoma karkara na 2009 ya fara da kyau, ya raunana da jihohi da ƙananan hukumomi suka kasa biyan kasonsu na kuɗin shirin. A 2014 gwamnati ta amince a horar da jami'an lafiya na al'umma su ɗauki wasu ayyukan ungozoma, har da karɓar haihuwa. Wanda ya fi burge ni shi ne shirin da Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe: gari ya zaɓi 'yarsa, a ba ta shekarar share fage ta gyara sakamakonta na kimiyya, ta shiga makarantar jinya ko ungozoma, ta koma ta yi wa mutanenta aiki. Har ɗakin renon jarirai aka buɗe a makarantu saboda matan aure.

Wadda ta fito daga irin wannan hanya takan zauna, don mijinta da iyayenta suna nan. Sai dai sau da yawa ita kaɗai za ta tsinci kanta a dutin dare, babu babba da za ta tambaya. Sai ta bi gado-gado tana nuna wa masu jinya ledar ruwa, tana cewa, "Baba, in ya kusa ƙarewa a zo a kira ni."